Burabuskon Ya Kyellu

A gidanmu na unguwar Abbaganaram a Yerwa, wato Maiduguri, idan sanyi ya shigo, ba a neman yara ko'ina bayan sallar isha sai a ɗakin Kaka Yagana. Ita ta haifi mahaifiyarmu. Babarbariya ce gaba da baya, sana'arta kuma haɗa turaren wuta, saboda haka kaskon da take jin ɗumi da shi aiki biyu yake yi: tana gasa tafin hannunta, tana barbaɗa turaren da ta haɗa a ranar don ta ji ko ya yi. Mu kuwa mu kewaye ta, hayaƙi ya shige rigunanmu, washegari a makaranta a yi ta shinshina mu kamar amare. Wannan tun kafin jirgin ƙasa ya iso Yerwa ne, ina 'yar firamare, ƙanena Modu kuma bai daɗe da fara famfara ba.

Kaka ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran mutane suke buɗewa. Sai ta gyara lafayarta, ta tofar da tuƙar goro, ta ce, "Baƙuwa ta zo, a shimfiɗa mata tabarma." Mu amsa, "Ta zauna mu ji ta." Hausarta irin ta tsofaffin Barebari ce, ta ce wa namiji "ke", ta ce wa mace "kai". In muka yi dariya ta ce ita ba sayen Hausa ta yi ba, tsintarta ta yi a hanyar kasuwa. Modu take kira maigidanta, kullum cikin faɗan cefane suke. Ni kuwa sunana uwar tsoro, don ni ce mai roƙon a yi ta mayu, ni ce kuma mai hana kowa barci in an yi.

Rabin tatsuniyoyinta a Kukawa suke faruwa, garin da aka haife ta, tsohuwar fadar Borno da yaƙi ya rusa. Mu yaran Yerwa mun riga mun ƙara wa garin gishiri. Mun ce a can mutumin da ka gaisa da shi da rana yana iya rikiɗa kura da dare, kowace kuka tana da aljaninta, mayu kuma suna ganin kurwar yaro kamar yadda shaho yake ganin ɗan tsako. Don haka ranar da aka ba mu hutu Kaka ta ce za ta je Kukawa ta yi 'yan kwanaki don gaida ƙawarta, kuma da ni da Modu za ta tafi, murna da fargaba suka haɗu suka hana ni cin tuwo. Baba bai so ba, amma wa yake musu da surukarsa?

Motar maƙwabcinmu muka shiga, Baban Chidi, wani ɗan kabilar Ibo mai ɗauko bandar kifi daga Baga. Da ya ji inda za mu sauka sai ya taɓa goshinsa da ƙirjinsa ya ce, "Kaka, ni zai sauke ku, amma ni ba ya kwana Kukawa. Ko taya ya fashe, ni tura mota har Baga." Kaka ta ce masa ai mayun Kukawa ba sa cin nama mai ƙarnin kifi.

Rana ta yi ja muka isa. Ban ga kura ba, ban ga aljani ba. Abin da na gani tudun ƙasa ne inda ganuwa ta narke, da kangaye, da kukoki manya ba ganye, da shiru mai yawa. Shirun ne ya fi tsorata ni. Gidan ƙawar Kaka yana can gefe, kusa da tsohuwar ganuwa, zanarsa duk ta kwanta. Sunanta Ya Kyellu, 'yar ƙaramar tsohuwa mai hakiya a ido ɗaya. Da suka ga juna sai suka durƙusa suna tafa hannu a hankali, "Wushe, wushe," "Lale, lale," gaisuwar Barebari mai tsawo, har ta koma kuka.

Abu ɗaya ya ba ni mamaki. A Yerwa in baƙo ya sauka, kafin ya sha ruwa maƙwabta sun cika gida. A nan ko kaza ba ta leƙo ba. Da na fita bayan zana sai wata yarinya tsarata ta yafuto ni daga nesa, ta raɗa mini da Barbarci, wanda nake ji ta wajen uwata: "Kada ku ci abincinta, mayya ce." Ta ce mijin tsohuwar ya mutu, 'ya'yanta sun bi shi ɗaya bayan ɗaya, sannan bara wani yaro a unguwar ya yi zazzaɓi, cikin sambatu ya kira sunanta, ya mutu. Tun ranar ba mai cin abin hannunta, ba mai ɗiban wuta a gidanta, in ta je rijiya mata su ja 'ya'yansu bayan zane.

Na dawo cikin gida. Na tarar an ajiye akushi, burabusko da miyar kuka da banda, man shanu yana malala a kai. Ya Kyellu ta ajiye shi ta koma can bakin murhu ta juya mana baya. Ta ce, "Yagana, in ba za su ci ba kada ki matsa musu. Na saba." Ni kuwa a zuciyata ba abin da nake maimaitawa sai kurwata kur, kurwata kur.

Kaka ta dube ni, ta gane an riga an ba ni labari. Ta sa aka zubo garwashi a kasko, ta yi abin da ba ta taɓa yi ba, ta fara tatsuniya kafin a ci abinci.

Wai a wani gari kura ta dami mutane da cin awaki. Maimakon su gyara shinge, sai suka ce ai tsohuwar bakin gari ce take rikiɗa, suka kore ta. Kura ta sake ɗaukar akuya. Suka ce ashe kuskure aka yi, ɗaya tsohuwar ce mai ido ɗaya, ita ma suka kore ta. Haka suka yi ta yi, akuya ɗaya tsohuwa ɗaya, har garin ya zama ba tsohuwa ko ta magani. Mace ta zo haihuwa ba mai yanke cibiya, yaro ya yi ciwon ciki ba wadda ta san saiwar da ake jiƙawa, mace ta mutu ba mai yi mata wanka. Kura kuwa, kurar Allah mai ƙafa huɗu, ta hau tudu ta zauna da ƙaton ciki tana kallonsu. "To," in ji Kaka, "tun ranar take dariya. In kuka ji ta da dare, ba yunwa ba ce, tunawa ta yi."

Ta wanke hannu ta kai loma. Modu dama yawunsa ya gama tsinkewa, ya faɗa wa akushin ba bismilla mai ƙarfi. Ni na daɗe ina juya hannu a bakin akushi, sannan na ci, kuma gaskiya ban taɓa cin burabusko irinsa ba. Da Ya Kyellu ta ji ƙarar hannuwa a akushi ta waiwayo. Ta tashi ta ƙaro, ta sake ƙarowa, Modu bai ce ya ƙoshi ba sai da ya ga ƙasan tukunya.

Ba mu daɗe da kwanciya ba ya fara murƙususu. Cikinsa ya kumbura kamar ganga, jikinsa ya yi zafi, yana ihu yana kiran Inna. Ihun ya tsallake zana. Mutanen da ba su zo yi mana sannu da zuwa ba, ga su sun cika tsakar gida da fitilu. Wata dattijuwa ta ce wa Kaka, "Baiwar Allah, kin kawo yaro kin ba ta a hannu. Ai sai ta tsallake shi tun bai yi nisa ba."

Al'adar ke nan. In an ce maye ya kama mutum, sai a kwantar da maras lafiya, wanda ake zargi ya tsallake shi, wai ya saki kurwar. Amma duk wanda ya tsallaka ya amsa sunan ke nan har kabarinsa. An sha neman Ya Kyellu ta tsallake yaron bara, ta ƙi, wannan ƙin ne kaɗai mutuncin da ya rage mata. Yanzu kuwa na ga ta miƙe, ta tattare bakin zanenta, ta nufo tabarmar Modu.

"Yagana, bari in tsallake shi," ta ce. "Ban san abin da ke jikina ba. Wataƙila gaskiyarsu ne. Ni na riga na ƙare, shi yaro ne."

Kaka ta miƙa ƙafarta ta tare hanya. Ta ce, "Kyellu, koma ki zauna. Tare aka yi mana kitson fari, tare muka yi tallan nono, a cinyarki na haifi uwar yaron nan. In mayya ce ke, me ya hana ki cin ta tun tana tsoka ɗaya?" Ta juya ga taron ta ce, "Maigidana ne, ni na san shi. Ya ci rabon mutum uku ya haɗa da na kare. Mai kanwa a gidanta ta kawo, wadda ba ta da ita ta je ta kwanta."

Aka yi ta gunaguni. Wani ya ce in yaron ya mutu alhakinsa a wuyanta, ta ce ta ɗauka. Ya Kyellu ce ta jiƙa kanwar, Kaka ta ce ita Kyellun ce za ta ba shi da hannunta, kowa yana kallo. Daga nan mutane suka watse ɗaya ɗaya, ba don sun yarda ba, don su jira safiya. Na yi barci na farka, na ga Kaka zaune da Modu a cinyarta, garwashi ya kusa mutuwa, leɓunanta suna motsi ba sauti. Ya Kyellu tana bakin ƙofa a takure, ta kasa shigowa ta kasa tafiya.

Kafin asuba Modu ya amayar da abin da ya fi ƙarfinsa, ya saki wata iska da har yau in mun haɗu sai na tuna masa, ya yi barci. Da gari ya waye kalmarsa ta farko ita ce ko akwai ɗumame. Kaka ta ɗauki tabarma ta shimfiɗa a ƙofar gida, daidai hanyar rijiya, ta zaunar da shi, ta ce Ya Kyellu ta ba shi a baki. Mata suna wucewa da tuluna suna satar kallo, Kaka tana gaida kowacce da sunan uwarta, da ƙarfi, har sai ta amsa. Haka muka yi ta ci a ƙofar gida safe da yamma har hutunmu ya ƙare. Ranar da za mu tafi, yarinyar nan da ta yi mini raɗa ta shigo da tsingaro a hannu, kanta a ƙasa, ta ce innarta ta ce a sam mata wuta. Ya Kyellu ta zuba mata garwashi har ya kusa zubewa.

Shekaru na yi ina ɗauka cewa Kaka ba ta yarda da maita ba, shi ya sa ba ta ji tsoro ba. Sai da na yi haihuwar fari, tana zaune tana turara mini zani, na tambaye ta. Ta ce, "Wa ya gaya miki? Akwai mayu mana. Ni ban ce babu ba, cewa na yi Kyellu ba ita ba ce. Daren nan hantar cikina kaɗawa take yi." Ta ce wata mai sayar da banda ce ta kawo mata labarin halin da ƙawarta take ciki, ta yi tunani ta ga rantsuwa ba za ta wanke ta ba, malami ba zai wanke ta ba, ko ita kanta in ta ci abincin cewa za a yi tsohuwa ba ta da kurwar da za a yi kwaɗayi. Shaida ɗaya ce mutanen garin ba za su iya musawa ba, a ga mace ta sa jikokinta a akushin.

Na ce, "To da Modu ya mutu fa?"

Ta ƙara turare a wuta. Sannan ta ce, "Da ban sake haɗa ido da uwarku ba har in mutu. Amma da na bari ta tsallake shi ya tashi, ai kowa zai ce ga shi ta sake shi. Da na dawo da jikana lafiya, na bar Kyellu an binne ta da ranta."

Ya Kyellu ta ƙara wasu shekaru a duniya. An ce da ta rasu matan unguwa ne suka yi mata wanka, maza suka raka ta. Ni yanzu jikokina sun fi na Kaka yawa, ina kuma ba su tatsuniyar kura, suna dariya inda muka yi dariya. Ina da ƙawaye da nake ƙauna har zuciya, zan yi musu rantsuwa, zan yi faɗa a kansu a ko'ina. Amma idan na dubi ƙaramin jikana yana barci da baki buɗe, na tambayi kaina ko akwai wadda zan ɗauke shi in kai ƙofarta in ce ba shi da hannunki, sai in ji jikina ya yi sanyi. Ina son Kaka tun ina yarinya saboda na ɗauka ba ta jin tsoro. Yanzu da na san tana ji, son ya fi na da ciwo.