Kuɗin Shiga Tseren Yammedi

Ƙungiyarmu ta masu son mota a Karaye ba ta da asusu, sai surutu. Wata shekara bayan an cire gyaɗa muka ce za mu yi tsere a gonar wani dattijo a Yammedi. Ya yarda, da sharaɗin a kawo tarakta ta kaftu masa ƙasar kafin damina, don taya za ta daddaɓe ta. Ni na tsaya masa, da bakina.

A taro na ce kowace mota ta biya naira ashirin. Shugabanmu, ɗan magatakardan hakimi, ya gyara hula ya ce, "Haba malam, mutanen Rogo baƙinmu ne fa. Ka taɓa ganin an gayyaci mutum an ce ya biya? Kowa ya ba da abin da ya sawwaƙa."

Na ce, "Ranka ya daɗe, tarakta ba ta shan addu'a." Aka yi dariya, aka bi maganarsa.

Ranar tsere Fijo da Bitil suka cika gonar, har daga Jajaye. Na zaga da hulata. Wani ya saka goro biyu, wani ya ce Allah ya ƙara zumunci. Abin da na tara ko man tarakta bai saya ba.

Da ruwan farko ya sauka, ƙofata dattijon ya yi sallama, ba ta shugaba ba. Na ɗaura wa shanuna garma na je na nome gonarsa, tawa tana jira. Gerona bai yi ido ba a shekarar.