Yaya Mai Kiwon Jijiyoyi

Kullum da safe Yayata takan wanke hannu har gwiwa, ta sa farar riga, ta buɗe akwatin ɗumi a ɗakin bincike, ta duba 'yan farantan gilashinta. Abin da take kiwo ido ba ya gani: ƙwayoyin halitta ne na asali da aka ciro daga ɓargo, waɗanda ba su riga sun san me za su zama ba. Sai ta ɗiga musu sinadarin girma, shi ke kiran su su miƙe, su kama juna, su zama jijiyoyin jini. In ya yi kaɗan su yi kwance abinsu. In ya yi yawa su fito a cukurkuɗe, suna yoyo.

A gida “mai kiwon iska” ake ce mata. To, masu dariya ku matso, yau ta yi ritaya, kuma ni zan faɗa.

Da ciwon suga ya toshe wa Baba jini a ƙafa, dangi suka yi mata caa. Gwaggo ta ce, “Ke da kike ƙera jijiya, ki ɗebo ki tsira masa mana! Ko sai an yanke?”

Yaya ta ce, “Gwaggo, a faranti yake tukuna. Abin da ban tabbatar ba ba zai shiga jikin ubana ba, balle na wani.”

Aka yanke ƙafar. Aka daina amsa gaisuwarta. Na ga ta yi kuka a bayan ƙofa, washegari kuma na ga ta ɗauki jakarta ta tafi aiki.

Yaya, ke ce kika ƙi sayen yabo da ganganci. Ba a rataya miki lambar yabo ba, oho, ba don ita kika yi ba. Na gode, kuma duk mai riƙe da lafiyar mutane ya koyi cewa a'a irin taki.

Masu cewa kin yi asarar shekaru, su tambayi Baba. Da sandarsa ya je ɗakin nan, ya kafa ido a madubin ƙara girman abu, ya daɗe yana kallon jijiyoyin sun bazu kamar saiwar ciyawa. Ya ɗago ya ce, “Tawa ta riga ta tafi. Wannan ƙafar wani ce, uwata. Kada ki bari a gaggauta ki.”