Zoben Ƙafar Kazar Ruwa

A gidanmu na Rikkos, in kaza ta fara layi ba a tsayawa shawara. Wuƙa ake nema, a dubi gabas, a yanka kafin ta zama mushe. Da wannan na taso, har hannuna ya saba, yakan riga tunanina isa ga wuƙa.

Shekarun da wayar salula ta fara shiga hannun talaka, ina aiki a wani ɗakin gwaje-gwaje a nan Jos. Aikina haɗa sinadarai da shirya 'yan gilasan da ake sawa a ƙarƙashin madubin likita. Akwai wata mata 'yar ƙabilar Ibo da muke ce wa Madam, malamar sakandare ce, ta samu hutun karatu na shekara biyu tana neman digiri na biyu. Bincikenta a kan kajin ruwa ne, waɗannan masu dogayen yatsu da ke laɓewa cikin ciyayi a kududdufan da masu haƙar kuza suka bari. Iri biyu ne suka dame ta, babba da ƙarama, kamarsu ɗaya sai dai girma. So take ta san ko 'yan gida ɗaya ne ko kama ce kawai. Amsar tana cikin jini, in ji ta, a wasu 'yan zaruruwa da ake kira kuromosom. Ana ƙirga su, a dubi tsayinsu da siffarsu, a kwatanta na wannan da na waccan.

Babbar ba ta da wuyar samu. Ƙaramar ce jaraba, sai da damina take zuwa, ga wayon tsiya. Madam ta yi wata biyu tana shiga taɓo har gwiwa kafin raga ta kama mata ɗaya tilo. Ɗan tsako ne da ya tasa, launinsa ƙasa-ƙasa, ta tabbatar da irinsa ne don ta gan shi yana bin iyayensa. Ta sa masa zoben ƙarfe mai lamba a ƙafa.

Ranar Juma'a ce. Sinadarin da za a zuba jinin a ciki sai Litinin zai iso daga Vom, kuma jinin mai rai ake so. Ɗakin gwaji a rufe yake Asabar da Lahadi. Ita kuma ɗaki ɗaya take haya da 'ya'ya uku.

"Malam, kai akwai fili a gida," ta ce da Hausarta ta kasuwa. "Ka riƙe mini shi. Wannan tsuntsu shi ne digirina."

Na bugi ƙirji na ce ta kwantar da hankalinta. Na hau acaɓa da kwali a cinya, muka bi Titin Bauchi.

Asabar da hantsi na leƙa kejin da na sa shi a ciki, na ga tsuntsu ya saki fukafuki, ido a lumshe, kai yana rinjaya. Wallahi ban san lokacin da na ce wa matata ta miƙo wuƙa ba. Na yi bisimilla na yanka. Sai da jini ya gama tsiyaya a bakin rariya sannan na tuna jinin nan shi ake nema. Na tsaya riƙe da shi kamar wawa. Wataƙila ma tsoro ne kawai ya sa shi langaɓewa, da na yayyafa masa ruwa na sa shi a inuwa da ya farfaɗo. Matata ta gasa shi, ko loma biyu bai kai ba.

Zuwa nan kuskure ne, kuma da na kira Madam na faɗa mata, da ta yi faɗanta ta gama. Amma ni mutum ne mai girman kai, ban iya jure a ce na yi shirme ba. Ranar Lahadi na je wajen wani mai ɗana tarko a bakin kududdufi, ya samo mini ɗan tsakon babbar, shi ma ƙasa-ƙasa. Na buɗe zoben da filaya na maƙala masa.

Litinin Madam ta ɗaga shi tana juyawa.

"Kai, Malam! Ya yi ƙiba fa. Me ka ba shi?"

"Tsaki ne da tana, Madam."

Ta duba lambar zoben, ta yi dariya, ta yi mini godiya. Da hannuna na riƙe mata fiffiken ta ɗebi jini.

Da sakamako ya fito, zaruruwan ƙaramar suka zo daidai da na babbar, babu bambanci ko kaɗan. To ina za a ga bambanci? Ta yi murna, ta rubuta babi guda a kai, ta gabatar a gaban malamai aka tafa mata. Ina zaune a baya, ni ma na tafa.

Damina ta zagayo, ta kama ƙananan guda biyu, na gaske. Hoton zaruruwansu ya ƙi dacewa da na bara. Ta sake, ya ƙi. Na ga matar nan ta rame, tana zama a gaban madubin likita har idanunta su yi ja, tana bin littafinta shafi-shafi tana neman inda ta kauce. Sau nawa na buɗe baki na rufe! Kullum sai in ce gobe.

Farfesan da ke duba aikinta ya kira mu ofishinsa. Ya ajiye hotunan gefe da gefe, ya ce ɗaya daga ciki ƙarya ne, kuma ba zai sa hannu a aikin da bai san wanne ne ba. Sai an jira wata damina an sake komai daga farko. Hutunta kuwa saura wata biyu, kuma makarantarsu ta riga ta ce ba ƙari.

Sai ya juyo kaina. "Kai, kai ne ke shirya gilasan nan. Ka ga wani abu da ba daidai ba?"

"A'a, ranka ya daɗe."

Madam ta ce, "Oga, ka bar Malam. Aikinsa tsaf ne. Ni ce na rikita kwalaben jinin, ba mamaki."

Ban ɗaga kai ba.

Ba ta gama digirin ba, ta koma aji. Ranar da ta zo kwashe littattafanta na taya ta ɗaure su da igiya, na kai mata bakin titi. Kafin ta shiga mota ta tsaya ta dube ni.

"Malam, ka yi haƙuri," ta ce. "Shekara biyu kana wahala da ni, na ɓata maka aiki."

Na ce, "Ba komai, Madam."