Na gyara daɓe, Mama ta ɓata a falonta

Mama ta cire silifas a bakin ƙofa, ta taka ciki, sai ta tsaya cak.

Ni kuwa ina gefe ina jiran yabo. Daɓen dutse ne a falonta na Sabon Gari, marigayi Baba ya shimfiɗa shi tun ba a haife ni ba. Ya yi baƙi, duk ya rarake. Da ta zo wurina Samaru ganin likitan ido, sai na sa Emeka mai gyaran daɓe ya kawo injinsa ya kankare shi, ya cike ramukan, ya goge har kana ganin fuskarka.

"Rahila, ina kika kawo ni?"

"Gidanki ne, Mama. Gyara na sa aka yi miki."

Ta lalubo hannuna ta riƙe gam. "Akwai ɗan rami a nan. In na taka shi, na san kicin na dama. Wajen mai kaushi kuma ƙofar ɗakina ce. Ina suke?"

Na dubi ƙafafunta. Ashe tun da ganinta ya tafi, da tafin ƙafa take gane gidanta.

Yanzu ba ta tashi daga kujera sai an kama ta. Jiya ta gwada ita kaɗai, santsi ya kwashe ta, Allah ya sa ta dafa bango. Emeka ya ce abin da inji ya ci ba ya dawowa.

Ina wurin aiki, amma waya na yin ƙara sai in yi wuf in ɗauka, ko Mama ce ta faɗi.

Jama'a, wanda ya san yadda ake mayar wa dutse kaushinsa, don Allah ya faɗa min. Ƙyallin nan ya fita raina.