Irin Betarab a Bayan Rijiyarmu

Bayan samun 'yancin kai, Yayana ya dawo garinmu Djougou daga Parakou da ɗan ƙunshi a aljihu. Ya yi aikin lambu a gidan wani Bafaranshe, da mutumin zai koma ƙasarsu sai ya bar masa irin betarab, wani abu mai kama da dankali, cikinsa ja wur. Irin kuwa ƙanana ne masu kaushi, kamar tsakuwa.

Babanmu falken goro ne, haka ma kakanninsa. Da ya ga irin, sai ya ce, "Wa zai ci wannan a garin nan?"

"Ma'aikatan gwamnati na nema, Baba," in ji Yaya.

Baba bai hana shi ba. Yaya ya gyara fili a bayan rijiya, ya jiƙa irin, ya shuka. Ya nuna mini yadda ake gwada ƙasa: a dunƙula ta a hannu, ta haɗu amma kada ta ɗiga. In ta bushe, irin ba zai farka ba. In ta yi caɓi, ya ruɓe.

Kafin tsiro ya fito, aka aiko a kira Yaya Parakou, ƙanen mahaifiyarmu ba lafiya. Da asuba, bayan tafiyarsa, na iske Baba da guga a hannu yana kwarara ruwa a kan shukar. Da la'asar ya ƙara.

Na ce, "Baba, Yaya ya ce kaɗan ake zubawa."

"Yarinya, ni da goro na girma. Abin da ya sha iska ya bushe, ya tafi ke nan."

Haka ya riƙa yi kullum, har yana makara zuwa kasuwa. Wani lokaci ya durƙusa yana leƙen ƙasar, ko zai ga kore.

Da Yaya ya dawo, ya tarar da laka. Ya tona da yatsa, ya fito da irin, ya yi baƙi, yana wari. Na gaya masa yadda aka yi, har da durƙuson. Bai saurare ni ba. Ya je zaure ya ce, "Baba, da ba ka so, ai sai ka hana ni tun farko."

Baba ya dube shi, ya ci gaba da tsince goronsa. Ba mutum ne mai bayani ba.

Yaya ya koma Parakou, ya zauna a unguwar Zongo. Ya samo wani irin, ya yi lambu a bakin rafi, sana'ar ta karɓe shi. Yakan zo da salla, su gaisa da ladabi, su yi maganar hanya da ruwan sama. Ban taɓa jin sun ambaci shukar ba.

Ranar da muka binne Baba, Yaya ya tambaye ni, "Da gaske durƙusawa yake yi?"

Na ce masa e. Sai ya tashi ya nufi bayan rijiya.