Baƙo a Fadamar Mairuwa

Baba Ɗanhausa yana ban ruwan albasarsa a fadamar Mairuwa, yana hararar baƙon da ya fito daga mota. Mutumin ya sha shadda da farin takalmi, yana ɗaga ƙafa kamar laka za ta cije shi. Ko sallama bai yi ba. Ya tsaya a gindin tsamiya, yana nuna gonakin bakin rafi da makullin motarsa. A ganin tsohon, irin waɗannan ne ke saye fadama su yanka filaye, alhali ko kaftu ba su taɓa yi ba.

"Baba, ina mai wurin nan?" in ji baƙon.

Ɗanhausa bai ko miƙe ba. "Kabarinsa kake takawa, Alhaji. Matsa gefe."