Shanun Jikin Dutse

A ƙarshen daminar 1957, ranar kasuwar Jibiya, ina kan dutsen da ke bayan gonarmu ina korar tsuntsaye daga gero, sai na hango wata mota tana kutsawa ta burtali. Shekaruna tara. Ƙauyenmu na wajen Gangara, dab da iyakar ƙasar Faransi, wato yankin da Faransawa ke mulka a arewa da mu, kuma mota ba ta taɓa zuwa mana da alheri ba. A gindin dutsen akwai kogo mai sanyi inda mu 'yan mata muke carafke idan rana ta take. A bangonsa akwai zanen jajayen shanu masu dogayen ƙahoni, da wata dabba mai dogon wuya. Mun taso mun gan su, ba mu taɓa tambayar wanda ya zana ba.

Wani Bature ne ya sauko tare da tafintansa, suka nufi kogon kai tsaye kamar an yi musu kwatance. Washegari suka kafa turaku, suka ja igiya, suka soma tona ƙasa a hankali suna tankaɗe ta da rariya. Gawayi suke tsinta, da tsingaro, da ƙananan ƙasusuwa, suna ƙunshe kowanne daban. Turakun nan su suka hana Baba sukuni. Yana yaro ya ga an kafa irinsu, aka wayi gari gonar kawunsa ta koma hannun Faransi, ga aikin tilas a can. Ya saɓa fartanya ya je, ni kuma na bi shi.

"Mi kuke nema bakin gonata?" in ji Baba.

Tafintan ya ce shekarun zanen ake son sani. Za a kai gawayin Ingila a auna, a gane lokacin da masu zanen suka hura wuta a nan. Ya ɗora wani ƙashi a tafin Baba, ya ce na kifi ne, wai da can duk filin nan tafki ne da ciyawa, shanun bango a bakinsa suka sha ruwa.

Baba ya dubi rairayin, ya dubi ƙashin. "Mu da ke tonon gulbi da rani kafin mu samu na sha? Ku dai faɗi gaskiya."

Daga ranar mata suka daina sayar wa baƙin ƙwai da nono. Wasu suka ce zinariya suke nema, maƙwabtanmu Maguzawa suka ce za a fusata iskokin dutsen. Baba bai jira gero ya gama nuna ba, ya yanke shi tun yana ɗanye, muka yi ta jigilar dammuna a jaki zuwa Riko wurin ƙanensa. Rabin geron ya ruɓe a rumbu, muka ci wahalar bazarar nan da tafasa da ɗan ƙanzo. Baƙin suka cike raminsu, suka zare turakunsu suka tafi. Iyaka ba ta motsa ba, amma har Baba ya rasu yana cewa tsayawarsa ce ta hana.

Ban taɓa jin abin da gawayin ya nuna ba. Da na koma da jikokina don su ga shanun, na tarar masu fasa tsakuwa sun cinye rabin dutsen, har da kogon. Su da suka zo da guduma, babu wanda ya tambaye su abin da suke nema.